Daga tsatsa zuwa firaima: bayanin aikin bodin wata tsohuwar salun

Litinin, 3 ga Maris

Salun ce mai ƙofa huɗu, ta haura shekara 20, jan fentinta ya koɗe a rufi da bonet. Aikin da ke gabanmu shi ne kai bodin matakin da za a fesa masa launi ba tare da tsatsa ta sake ɓullowa ta ƙarƙashi ba. Launin kansa ba ya cikin wannan bayani, a firaima, wato shafin share fage da ake fesawa kafin launi, za mu tsaya.

Yau sanfefa ba ta taɓa motar ba. Wanki aka yi mata sau biyu da sabulun cire maiƙo, har cikin bakan tayoyi da ƙasan ƙofofi, sannan aka bi ta da sinadarin cire kaki da maiƙo: tsumma ɗaya na shafawa, ɗaya na gogewa tun kafin ya bushe. Man goge mota da man ƙyallin taya da na dashbod galibi suna ɗauke da silikon. In aka fara gurza kafin wanki, sanfefa za ta cusa silikon ɗin cikin zanen da ta yi, daga baya firaima ta riƙa gudun wurin tana barin ramuka kamar idon kifi.

Da ta bushe aka zagaya ta da maganaɗisu a naɗe cikin tsumma, da na'urar auna kaurin fenti, da sukundireba mai tsini. Fentin kamfani yawanci tsakanin maikiron 100 zuwa 150 yake (maikiron dubu ne milimita ɗaya). Rufi da bonet sun nuna kusan 120, wato ba a taɓa sake musu fenti ba. Ƙofar baya ta dama ta nuna 380, an taɓa fesa ta. A fendar baya ta hagu kuwa na'urar ta kai iyakarta, maganaɗisu ma ya ƙi kamawa, alamar tsohuwar fila, wato ƙullin da ake cike lotsawar bodi da shi, mai kauri ce kwance a wurin.

Duk inda fenti ya yi bororo an danna masa sukundireba. A wuri huɗu ta nutse: ƙasan fendar gaba ta dama, bakan tayar baya ta hagu, ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofin hagu, da kusurwar ramin safaya a cikin but. Mun zana wa motar alama iri uku. Tsatsar da ke sama kawai, sanfefa za ta ɗauke ta. Wadda ta ci ƙarfe ta bar ramuka, sai an bi ta har gindin ramin. Wadda ta huda kuwa ba ta da magani sai yanka da walda.

Gwaji na ƙarshe: an jiƙa tsumma da tina aka danna a kan ƙofar da aka taɓa sake wa fenti na minti ɗaya. Fentin ya yi laushi, ja ya fito a tsumman. Irin fentin nan ne da ba a haɗa shi da hadna, wato sinadarin da ke sa fenti ya ƙame, kuma sabuwar firaima za ta narkar da shi ya yamutse. Ƙofar nan dole a kai ta ƙarfe tsirara.

Talata, 4 ga Maris

Kwance kaya. An cire batir da farko, sannan bambobi biyu, fitilu, madubai, hannun ƙofofi, tambarin kamfani, robobin ƙofa da na but, kujeru da kafet. Kowane rukunin noti ya shiga ledarsa da rubutu a jiki, an kuma ɗauki hoton kowane soket kafin a zare shi.

Gilashin baya ma an cire. Tsatsa ta leƙo ta gefen robarsa, kuma abin da ya leƙo ɗin kaɗan ne daga abin da ke kwance a ƙarƙashi. Manna tef a gefen roba a yi fenti a haka shi ne hanyar da ta fi saurin dawo da tsatsa, domin ruwa a nan yake kwana.

Alhamis, 6 ga Maris

An fara cire fenti daga rufi da bonet. Ƙarfen bodin irin waɗannan motoci bai cika wuce milimita 0.7 zuwa 0.9 ba, saboda haka babban abin tsoro a faffaɗan wuri shi ne zafi. Faifan giranda mai cin ƙarfe ba shi da wuri a nan: yana rage kaurin ƙarfen, yana barin zane mai zurfi, in kuma aka daɗe a wuri ɗaya ƙarfen zai yi shuɗi ya buɗe, ya riƙa lotsawa yana tasowa kamar murfin gwangwani. Wannan lahani ya fi tsatsar wuyar gyara.

Faifan roba mai kama da soso aka sa, wanda ke cin fenti ya bar ƙarfe. Ana tafe da shi ba a tsayawa, ana aiki a fili kamar faɗin tafin hannu biyu, sai a tsallaka can nesa a bar nan ya huce. Ma'aunin mai sauƙi ne: in ba za ka iya ɗora bayan hannunka a wurin ba, ka wuce gona da iri. Bayansa aka bi da injin sanfefa mai karkarwa da sanfefa lamba 80 (ƙaramar lamba ta fi kaushi, babba ta fi laushi), domin ƙarfen ya samu kaushin da firaima za ta kama. Ƙarfen da ya yi santsi yana ƙyalli kamar madubi kyau kawai gare shi a ido, ba ya riƙe komai. Shi ya sa ba ma gama wuri da burushin waya, don yakan goge saman tsatsa ya sa ta sheƙi har a ɗauka ƙarfe ne.

Ƙurar tsohon fenti ba abin shaƙa ba ce, wasu tsofaffin fentuna ma akwai darma a cikinsu. Takunkumi mai matatar ƙura, tabarau da abin toshe kunne, tun daga kunna inji har kashe shi.

Aikin ya kai yamma, an bar rufin da bonet ɗin tsirara zuwa gobe.

Juma'a, 7 ga Maris

Barin su tsirara kuskure ne. Da safe rufin ya yi wani ja-ja kamar an barbaɗa masa hoda, kuma sawun yatsu biyar ya fito sarai a gefen bonet inda aka dafa da hannu. Sabon ƙarfe ba shi da kariya ko kaɗan, danshin dare ya ishe shi, gishirin zufa kuma yana ƙara wa abin sauri. An sake bin su da lamba 80, aka ɓata kusan awa biyu.

Tsarin aikin ya canza daga yau: ba za a ƙara buɗe ƙarfen da ba za a iya rufe shi a ranar ba, kuma ba mai taɓa shi sai da safar hannu.

Firaimar farko ifoksi ce mai haɗi biyu. Mun zaɓe ta a kan firaima mai asid saboda dalili biyu. Ifoksi ba ya barin ruwa ya ratsa shi, don haka zai iya riƙe ƙarfe makonni ana sauran aiki. Sannan ana iya ɗora fila a kansa, alhali fila ba ta zama a kan firaima mai asid. Ita kuwa firaimar cikawa, mai launin toka da aka fi sani, tana da ƙananan kafofi da danshi ke bi. In aka fesa ta kai tsaye a kan ƙarfe aka ajiye mota, tsatsa za ta kama a ƙarƙashinta ba tare da an gani ba.

Wanda muke amfani da shi haɗinsa ɗaya-ɗaya ne, kuma takardarsa ta ce a bar shi ya huta minti 30 bayan haɗawa kafin a fesa. Wasu 2 da 1 ne, wasu 4 da 1, wasu ba sa buƙatar hutu. Takardar kamfanin da ya yi shi ita ce alƙali, ba a auna hadna da ido, akwai kofi mai layuka don haka. An tace shi kafin a zuba a bindigar feshi. Bakin bindiga milimita 1.4, matsin iska kusan bar 2 a mashigar iskar bindigar, nisa daga ƙarfe santimita 15 zuwa 20, kowane layi yana hawa rabin wanda ya gabace shi. Shafi biyu, da tazarar minti 15 har na farko ya daina ƙyalli. Kafin feshi an goge ƙarfen da sinadarin cire maiƙo har sai da farin tsumma ya dawo fari, aka ba shi minti 20 ya gama tashi.

Litinin, 10 ga Maris

An tono tsohuwar filar fendar baya. Kaurinta ya kai milimita 11 a tsakiya. A ƙarƙashinta akwai lotsawar da ba a buge ba, da ramuka shida da aka huda don jan ƙarfe ba a toshe su da walda ba, da ragar waya da aka cusa a inda ƙarfe ya riga ya ruɓe. Rufa-rufa ce kawai. Ruwa ya riƙa shiga ta waɗannan ramuka daga baya, filar ta sha, ta riƙe shi a jikin ƙarfe shekara da shekaru. Ramin da a waje bai fi girman kwabo ba, da aka buɗe ya kai tsawon santimita 30 tare da bakan taya.

Tsatsar da ta huda bodi kusan kullum daga ciki take farawa. Laka tana taruwa a leɓen bakan taya, kafofin zubar ruwa na ƙasan ƙofa suna toshewa, wurin ya daina bushewa. Kafin fenti ya yi bororo a waje, ƙarfen ya riga ya ƙare daga baya.

Talata, 11 zuwa Alhamis, 13 ga Maris

Kwana uku na yanka da walda.

Dokar yanka ita ce a wuce tsatsa a shiga lafiyayyen ƙarfe da aƙalla santimita 1 zuwa 2, kuma a duba bayan ƙarfen, ba fuskarsa kawai ba. Ƙarfen da tsatsa ta cinye rabin kaurinsa ba ya ɗaukar walda, narkewa yake yi ramin ya riƙa faɗaɗa a gaban mai walda. An yanka da siririn faifai na milimita 1, an kuma zagaye kusurwoyi, domin kusurwa mai tsini tana tara zafi ta jawo ƙarfe.

Kowane faci an fara fitar da shi a kwali, sannan aka zana a kan sabon fallen ƙarfe mai kauri daidai da na motar, milimita 0.8. Na ƙarƙashin ƙofa an yi shi da 1.2 saboda wurin yana ɗaukar nauyin bodi, kuma sai da aka tokare ramin ƙofar da ƙarfe kafin a yanka don kada ta sauka. A fuskar bodi baki da baki muke haɗawa, da 'yar tazara ƙasa da milimita 1. Ɗora faci a kan tsohon ƙarfe ya fi sauƙi, amma yana barin aljihu tsakanin falle biyu inda danshi zai zauna, kuma layinsa yakan bayyana ta cikin fenti idan rana ta gasa motar. Inda kamfani da kansa ya ɗora falle kan falle, kamar leɓen ƙasan bodi, mun bi tsarinsa: an huda ramuka na milimita 6 zuwa 8, an shafa firaima mai sinadarin zink wadda walda ke ratsawa tsakanin fallayen, aka cike ramukan da walda.

Injin walda mai waya da iskar gas aka yi amfani da shi, waya milimita 0.6, gas ɗin haɗin argon da kabon dayoksaid. Ba a jan dogon layi a siririn ƙarfe. Ɗigo ake yi: ɗaya a nan, ɗaya a can nesa, a bari ya huce har hannu ya iya taɓawa, a dawo a cike tsakani, har ɗigogin su haɗu su zama layi. Walda tana tsuke ƙarfe idan ta huce, shi ya sa inda hannu ke kaiwa ta baya ake ɗan buga kowane ɗigo da guduma a kan dungun ƙarfe don ya saki. A facin fendar gaba an yi gaggawa aka haɗa ɗigo biyar a jere, wurin ya shige ciki kusan milimita 3. Sai da aka yi rabin yini da guduma kafin ya dawo.

Kafin tartsatsin farko an kawar da bututun mai da wayoyin da ke bi ta ƙarƙashin ƙofa, an kankare baƙin kwaltan ƙasan mota daga kewayen wurin domin yana kama wuta, an rufe gilasai da bargon walda, tukunyar kashe gobara kuma tana kusa. Tartsatsin giranda yana nutsewa cikin gilashi ba ya fita.

Gurza walda ma tana da nata haɗari. Kan waldar kawai ake ci, ba ƙarfen da ke gefenta ba, da gefen faifai lamba 36, sannan 80. Bayan nan an kashe fitilu aka haska tocila ta baya. Haske ya fito ta ƙananan kafofi tara a facin bakan taya. Kowace an sake ɗiga mata walda. Kafar da ba ta fi bakin allura ba ta isa ta shigo da ruwa bayan fila, bayan watanni a ga bororo a daidai layin waldar. Bayan kowane faci, ta ciki, an shafa ifoksi da burushi.

Asabar, 15 ga Maris

Tsatsa mai ramuka: gefen gilashin baya, magudanar rufi, ƙasan ƙofofi biyu da leɓen but. A nan ne aka fi yaudarar ido. Sanfefa tana goge tudu ta bar kwari, wurin ya yi fari yana ƙyalli amma cike da baƙaƙen ɗigogi kamar zanzanar ƙyanda. Kowane baƙin ɗigo tsatsa ce mai rai. Fesa firaima a haka, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

An bi su da ƙaramar bindigar feshin tsakuwa, da garin gilashi. Yashi na gari ba ya shiga wannan aiki, ƙurarsa tana jawo cutar huhu ta silikosis wadda ba ta warkewa. Feshin an taƙaita shi ga gefuna da lunguna masu ƙarfi, ba a kai shi tsakiyar ƙofa ko rufi ba domin yana buɗe faffaɗan ƙarfe ya karkata.

Inda bindigar ba ta shiga an sa asid ɗin fosforik. Yana narkar da tsatsa ya bar wani siririn shafi mai launin toka a kan ƙarfe. Sharaɗinsa shi ne kada ya bushe a wurin. Ana shafawa, ana gogawa da soson gurza, ana ƙara jiƙawa na minti 10 zuwa 15, sannan a wanke da ruwa sosai tun yana ɗanye, a busar nan take da iska har cikin lunguna, a sake bi da lamba 80. Wani wuri a leɓen but ya bushe kafin a kai gare shi, ya yi fari-fari yana danƙo. Ruwa kaɗai ba ya ɗauke wannan, sai da aka sake jiƙa shi da asid ɗin sannan aka wanke. Ifoksi ba ya shiri da ragowar asid, zai kwanta lafiya a ranar, daga baya ya ɓare kamar fatar albasa.

Ruwan da ake sayarwa mai mayar da tsatsa baƙa, wanda ake cewa a shafa a yi fenti a kai, ba mu sa shi a fuskar bodi ba. Saman tsatsar kawai yake juyawa, ƙasanta na nan. Yana da amfani a lungun da hannu ba ya kaiwa, amma ba a inda za a ɗora fila da launi ba.

Litinin, 17 ga Maris

An shirya fesa ƙofofi da fendoji da safe, aka ɗaga. Zafin iska digiri 20 ne, danshi kashi 80 cikin 100, wato raɓa za ta sauka a kan duk abin da sanyinsa ya kai kusan digiri 16. Ƙarfen motar ya nuna 17. Ƙa'idar ita ce ƙarfe ya ɗara wannan mataki da aƙalla digiri 3, in ba haka ba akwai laimar da ido ba ya gani a kansa, kuma firaima za ta rufe ta a ciki. Yawancin ifoksi ma ba sa ƙamewa yadda ya kamata ƙasa da digiri 15. Da rana ƙarfen ya kai 23, danshi ya sauka, aka fesa.

A shafi na farko na ƙofar gaba ramukan idon kifi suka fito. An tsaya. An hura iskar bindiga a kan farar takarda, sai ga ɗigon ruwa da mai. Tankin kwamfuresa ne ba a zubar da ruwansa ba, matatar kuma tana manne da injin, inda iska ke da zafi ba ta riga ta saki ruwanta ba. An zubar da tankin, an mayar da matatar nesa da injin kusan mita 6, an sa ƙaramar matata a gindin bindiga, an canza tiyon da aka taɓa amfani da shi da kayan iska masu shan mai. Ƙofar an wanke ta da tina tun firaimar tana ɗanya aka sake daga farko. Ƙara shafi mai kauri a kan idon kifi ba ya rufe shi.

Duka motar yanzu tana cikin ifoksi. Abin da ya tafi, har da na rufi da bonet, kusan lita 3 ne bayan haɗi.

Laraba, 19 zuwa Juma'a, 21 ga Maris

Fila. Ifoksi yana da kwanakin da ake iya ɗora wani abu a kansa ba tare da gurza ba, namu kwana 3 ne. Ƙofofi da fendoji suna cikin wa'adin. Rufi da bonet sun wuce shi tuntuni, don haka an kashe ƙyallinsu da lamba 180 kafin komai ya hau.

Awon hadna gram 2 ne zuwa 3 a kowane gram 100 na fila, kuma a kan sikeli aka auna. In ta yi kaɗan filar ba ta ƙamewa, tana toshe sanfefa. In ta yi yawa, ragowar tana ratsa firaima ta ɓata launin fenti daga baya, musamman fari da mai haske. Ana haɗawa a kan faranti na roba ko ƙarfe, ba kwali ba, domin kwali yana shan ruwan filar. Ninkewa ake yi ana dannewa da cokalin shafi, ba juyawa kamar ana dama abu ba, don juyawa tana cusa iska, iskar kuma ita ce ƙananan kafofin da ake gani bayan gurza. Minti 4 zuwa 5 ke gare ka kafin ta fara kamawa. Da zarar ta fara jan cokali a bar ta, wadda aka shafa bayan nan ba ta manne da kyau.

Shafin farko siriri ne da dannawa sosai don ya shiga zanen sanfefa, sannan a ƙara. A fendar baya, bayan bugun guduma, mafi kaurin wuri bai wuce milimita 2 ba. Fila ba ta maye gurbin guduma. Duk inda za ta wuce milimita 3, gara a koma a ƙara gyara ƙarfen.

Bayan minti 25 aka fara gurza da dogon katako mai santimita 40, lamba 80, ana tafiya a gicciye daga kusurwa zuwa kusurwa, sannan 120, sannan 180. Inji mai zagaye ba ya miƙe bodi, bin tudu da kwari yake yi ya bar su yadda suke. Tafin hannu a shimfiɗe, da siririn tsumma a ƙarƙashinsa, ya fi ido gane lotsawa. Kuma ba a gurza fila da ruwa ko kusa: tana shan ruwa ta kai shi ga ƙarfe.

Kafofin da suka bayyana an cike su da fila mai laushi, ita ma mai hadna. Jan foti na cikin tub wanda ke bushewa da iska ba mu sa shi ba, yana tsukewa bayan an yi fenti sai zanen da ya rufe ya dawo. Duk inda gurza ta kai ga ƙarfe an sake fesa masa ifoksi shafi ɗaya kafin a tashi.

Asabar, 22 ga Maris

An toshe mahaɗan ƙarfe da danƙon foliyuretan: magudanar rufi, leɓen ƙofofi, ramin safaya, bayan kowane faci. A kan ifoksi ake sa shi, ba a kan ƙarfe tsirara ba. Silikon na gini ba ya shiga nan, fenti ba ya kama shi. An bi kafofin zubar ruwa na ƙasan ƙofofi da waya don tabbatar da ba a toshe su ba.

Litinin, 24 ga Maris

Firaimar cikawa, haɗi 4 da 1, bakin bindiga 1.8, shafi uku da tazarar minti 10. Shafin farko ya fi faɗi, na biyu da na uku suna raguwa zuwa ciki, domin busasshiyar ƙurar gefen wani shafi kada ta shiga ƙarƙashin na gaba. Gefen takardar rufi an naɗe shi baya don kada firaima ta yi gaɓa mai kaifi. Jarida ba ta rufi, tina tana ratsa ta kuma tana zubar da zare.

Hadnar wannan firaima tana ɗauke da sinadarin aisosayanet, wanda ke jawo asma mai ɗorewa, kuma hanci ba ya jin warinsa kafin ya yi lahani. Takunkumin ƙura ba ya tare shi. Abin rufe fuska mai kawo iska daga waje aka sa, da riga mai rufe jiki duka da safar hannu, ba a kuma ɗaga gilashin fuskar don duba aiki sai hazon ya fita.

A ƙasan ƙofar baya ta zubo kamar hawaye, an tsaya ne a wurin da yatsa a kan kunamar bindiga lokacin juyowa. An bar shi ya bushe, katako zai ɗauke shi.

Alhamis, 27 ga Maris

An ba ta kwana uku, ko da yake takarda ta ce ana iya gurzawa bayan awoyi kaɗan. Firaima mai kauri tana ci gaba da tsukewa yayin da tinar cikinta ke fita. In aka miƙe ta da wuri, za ta nutse daga baya zanen lamba 180 da gefen fila su bayyana ta cikin launi.

An shafa baƙar hoda a jikin motar duka, aka gurza da dogon katako lamba 240. Inda baƙin ya rage, kwari ne. Inda ifoksi ya leƙo da wuri, tudu ne, kuma a nan ake tsayawa, ci gaba da gurza sai dai ya kai ga ƙarfe. Rufi, bonet da ƙofofi uku sun fita tas. Fendar baya ta bar kwari biyu marasa zurfi a saman facin, ƙofar baya ta dama ta bar ɗaya kusa da hannu. An cike su da fila mai laushi, an sake musu firaima shafi biyu.

Litinin, 31 ga Maris

Zagaye na biyu na baƙar hoda, lamba 320, sannan a sake hoda a bi da 500 a bushe. Ba a tsallake fiye da lamba 100 zuwa 200 tsakanin sanfefa da sanfefa, don mai laushi ba ta iya share zanen wadda ta yi mata nisa. Gefuna da layukan bodi da hannu aka bi su da soso mai laushi, a nan firaima ta fi siranta. Duk da haka ƙarfe ya leƙo a wuri biyu a gefen bonet, an taɓa su da ifoksi.

An jiƙa kowane ɓangare da sinadarin cire maiƙo aka duba shi ta gefe da doguwar fitila tun yana ɗanye, domin a lokacin yana ƙyalli kamar an yi masa fenti. Layin fitilar ya miƙe daga fendar gaba har ta baya ba tare da karyewa ba. An hure lunguna da iska, an cire tsohon tef duka an sa sabo, don ƙurar da ke maƙale a tsohon tana tashi lokacin feshi.

Abin da aka rubuta wa mai fenti: motar ta tsaya a lamba 500, in launin mai ƙyalƙyali ne a ƙara bi da 600. A fesa siririn shafin ifoksi da aka sassauta da tina a matsayin murfi kafin launi, domin wuraren da aka taɓa su zama launi ɗaya. In ta wuce mako ɗaya ba a fesa ba, a sake kashe fuskar firaimar kafin a fara. Kakin hana tsatsa na cikin ƙofofi, ƙarƙashinsu da bakan tayoyi sai bayan launi ya bushe za a fesa shi, domin in ya riga fenti zai tsatso ta kafofi ya ɓata aikin. An tanadi lita 2 da dogon tiyo mai feshi ta kowane gefe.